Yadda Ake Shirya Majigin Wata-Wata a Ƙaramin Gari a Sudan

Mutum biyar masu riƙon amana, na'urar majigi ɗaya, lasifika biyu, farin bango da wutar awa uku sun isa a tara mutum ɗari a Mai Wurno ko a wani garin Hausawa na yankin Gadarif, Sinja ko Damazin. Daren farko kowa zai zo, don abu ne sabo. Wata na huɗu da na biyar ne ke kashe ƙungiya: an ɗage rana sau ɗaya, magana ba ta fita a lasifika, inji ya mutu ana tsakiyar fim, jama'a sun watse ba su sake dawowa ba. Duk matakan da ke ƙasa an jera su ne domin ranar da kuka sa wa mutane ta tabbata, wata bayan wata.

Raba aiki da neman izini

A raba aiki tun kafin a sayi ko ƙusa. Shugaba shi ke magana da hukuma da manyan gari. Ma'aji yana riƙe kuɗi da littafin lissafi. Masu na'ura su zama biyu, domin ranar da zazzaɓi ya kwantar da ɗaya kada majigi ya kwanta tare da shi. Ta biyar mace ce da mata ke jin maganarta, ita ke da ɓangaren mata, kuma da ita ake zaɓen fim. Ƙungiyar da ba mace a cikin masu yanke shawara, ba a jimawa majiginta ke zama dandalin samari, daga nan sai iyaye su hana 'ya'yansu zuwa.

Izini hawa biyu ne. Na farko na gari: sarki ko omda (mai gari), mai unguwa, da limamin masallacin da ya fi kusa da filin. Ku je da ƙafarku, ku faɗi fim ɗin da za a nuna, lokacin farawa da lokacin tashi, ku gayyace su su zauna a gaba. Na biyu na hukuma: takarda daga ofishin mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, da sanar da jami'an tsaron garin. Kada a raina wannan. Dattawan masu shirya fim da suka kafa ƙungiyarsu a Khartoum a 1989 sun yi ta fafutukar sake buɗe wani tsohon gidan silima a Omdurman, kuma fim ɗin da Suhaib Gasmelbari ya fitar a 2019 ya nuna yadda maganar takardun izini ta tsayar da su, duk da sunan da suke da shi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, jihohi da dama sun sha kafa dokar hana fita da dare da taƙaita taro, saboda haka a tambayi halin da ake ciki kowane wata, ba sau ɗaya a shekara ba. In an ce ba taro, ba taro. Takardar izinin ta kasance a aljihun shugaba a daren, a kuma ajiye hotonta a waya.

Sa rana

Ku ɗauki Alhamis ta ƙarshe a kowane watan Musulunci. Dalili biyu ne. Washegari Juma'a ce, ba makaranta ba ofis. Sannan farin wata yana wanke hoto: daga daren 13 zuwa 15 allon da ke fili yakan yi fari-fari, baƙi ya koma toka. Daga 20 ga wata kuwa ba ya fitowa sai wajen ƙarfe goma, kuma Alhamis ta ƙarshe kullum tana faɗawa cikin duhun wata. Tsohuwa ma za ta riƙe wannan lissafi ba tare da kalanda ba.

A fara minti talatin bayan sallame Isha. A yankin Sennar rana tana faɗuwa tsakanin biyar da minti ashirin a hunturu zuwa shida da kwata a farkon damina, don haka ana iya farawa tsakanin bakwai da rabi da takwas da rabi, a tashi wajen goma. Goman ƙarshe na azumi ba a majigi. A mayar da na watan zuwa kwana na biyu ko na uku na ƙaramar Sallah, a sanar tun wata guda kafin nan. Daga Yuli zuwa Satumba, da ruwa da laka da sauro, a koma cikin ɗakin nadi (kulob ɗin gari) ko babban aji a makaranta. Watannin Mayu da Yuni kuwa guguwar habub ce abin tsoro: da an ga sama ta yi ja, a kashe na'ura a rufe ta da zane kafin a damu da komai. A Oktoba da Nuwamba mutane suna gonar riɗi da dawa, sun gaji. A zaɓi gajeren fim, amma kada a tsallake watan.

Allo da wurin zama

Bango ya fi yadi, in an samu. A nemi bangon makaranta ko na nadi mai sumul, a auna faɗin mita 3 da tsayin mita 1.7, a shafe shi da farin fentin ruwa sau biyu. Fentin mai yana ƙyalli, sai tsakiyar hoto ta riƙa kashe ido. A zagaye gefen da baƙin layi mai faɗin tafin hannu, hoto zai fi fitowa ras. Gindin allon ya tashi daga ƙasa da mita 1.2, in ba haka ba kawunan na gaba za su rufe rubutun fassara.

In ba bango, a sayi farin yadin zanen gado mai faɗi, wanda ba sai an haɗa ɗinki a tsakiya ba, domin ɗinki yana fitowa a fuskar ɗan wasa. Tela ya ninke baki, ya sa madauki kowane rabin mita, ya kuma ɗinka baƙin yadi a baya. In babu shi haske yana ratsawa ya ɓace, hoton ya dushe. Gora biyu ko bututun ƙarfe masu mita 4, a binne rabin mita, a ɗaure kowanne da igiya biyu a turke, gaba da baya. A ɗame yadin daga sama, sannan gefe, sannan ƙasa. Iskar hunturu daga arewa take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma. A kafa allon inda gini zai tare masa ita.

Sahun farko ya fara daga mita 3.5, na ƙarshe kada ya wuce mita 10 in fim ɗin yana da rubutu, wato tsayin allo sau shida. Yara a kan tabarmi a gaba, benci da kujeru a baya, dattawa a gefe inda ba wanda zai tsallaka su. Mata a ɓangare guda da hanyar shigarsu dabam, da fitila a hanyar, da randar ruwa kusa. Masu agashe, shayi da jabana (gahawa) su kafa can baya, su kuma kare fitilunsu kada su haska allo.

Na'urar majigi

A duba hasken da aka rubuta a jikinta, wanda ake aunawa da ANSI lumen. Allon mita 3 da dare yana son 3,000 zuwa 3,500. Ƙananan na'urorin nan masu arha da ake rubuta wa lumen dubu takwas ko dubu goma ba tare da kalmar ANSI ba, haskensu na gaskiya bai kai ɗaya bisa goma na abin da aka rubuta ba a mafi yawan lokuta. Na ɗakin kwana ne. Gara tsohuwar Epson ko BenQ ta ofis mai lafiya da sabuwa irin waɗannan. In tsohuwa za a saya, a shiga cikin saitinta a karanta awannin da ƙwan ya ci, a haska farin hoto a ga ko akwai tabo ko rawaya-rawaya, a tabbatar tana da kafar HDMI, inda ake haɗa ta da kwamfuta.

Yawancin na'urorin ofis suna son nisan da ya kai faɗin allo sau ɗaya da rabi, wato kimanin mita 4.5 ga allon mita 3. A ɗora ta kan tebur mai ƙarfi, idonta daidai da gindin allo kuma daidai tsakiya. In hoto ya yi faɗi a sama ya tsuke a ƙasa, a ɗaga teburin maimakon a yi ta gyarawa da maɓalli, domin gyaran maɓalli yana rage kaifin hoto. A zagaye teburin da igiya, a sa mutum ɗaya ya zauna nan, saboda yara.

Zafi da ƙura su ne abokan gabarta. Yawancinsu an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, kuma a Afrilu da Mayu ƙasa takan riƙe zafi har bayan Isha. Kada a ɗora ta kan bargo ko katifa, kada a jingina komai a mashigar iskarta, a bar mata rabin mita ta kowane gefe. In ta mutu da kanta fitilar gargaɗi tana walƙiya, kusan kullum matatar ƙura ce ta toshe. A yayyafa ruwa a filin tun da la'asar don ƙura ta kwanta.

Wuta

Nan ne ake yawan asara. Na'urar majigi mai ƙwai tana jan wat 250 zuwa 300, lasifika biyu da mikisa (akwatin haɗa sauti) wajen 100 zuwa 150, kwamfuta 60. A ce 500 gaba ɗaya. Janareta mai kVA 2 ya wadatar, da lita huɗu ta fetur a tanade, ko da yake ba lallai ya shanye su ba. A ajiye shi mita 20 zuwa 25 daga jama'a, bayan gini, ta inda iska za ta tafi da hayaƙin. Ba a shigar da shi ɗaki ko baranda ko da ana ruwa, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari mai ƙarfi ba. A cika tanki kafin a tayar. Ba a zuba mai yana aiki. Wayar da za a ja ta zama mai kaurin 2.5 mm², a warware ta duka daga kan abin naɗinta don kada ta yi zafi, a bi da ita ta gefen fili, a rufe inda mutane za su tsallaka da tabarma. Duk mahaɗa a ɗaga ta daga ƙasa.

Tsakanin janareta da kaya a sa sitabilaiza, sannan a sa wa na'urar majigi ita kaɗai UPS, wato akwatin batir da ke riƙe wuta in ta yanke, mai VA 1,000. Amfaninsa shi ne, ƙwan majigi yana da zafi ƙwarai, kuma fanka ce ke sanyaya shi bayan an kashe. In wuta ta yanke farat ɗaya, fanka ta tsaya, zafin ya zauna a ciki, ran ƙwan ya ragu ko ya fashe. UPS zai ba da 'yan mintocin da za a kashe ta yadda ya kamata. A gwada shi da janaretan tun da rana: wasu ba sa karɓar wutar inji mai hawa da sauka, sai su yi ta ƙara suna komawa kan batir har ya ƙare.

Masu sola su yi lissafi kafin su yi alkawari. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce. Na ruwa ba a shanye fiye da rabinsa, saura 1,200. Inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, ta ci nata, saura wajen 1,000. Da nauyin wat 500, awa biyu ke nan cif, babu na gwaji babu na tattaunawa. Saboda haka batir biyu ake so, da inbata mai tsabtatacciyar wuta ta wat 1,000. Mai arha tana sa lasifika gurnani. Ko da akwai wutar gari, a kawo inji ko batir a ajiye a haɗe.

Ana kunnawa a jere: inji, a bar shi minti biyu ya daidaita, sitabilaiza, kwamfuta, mikisa, na'urar majigi, lasifika a ƙarshe. Kashewa a juya jerin, kuma ba a taɓa injin sai fankar majigi ta yi shiru.

Sauti

Jama'a za su haƙura da hoton da ya ɗan dushe, amma ba za su zauna awa ɗaya da rabi suna tambayar juna me ya ce ba. In kuɗi bai isa komai ba, a rage girman allo a sayi lasifika mai kyau. Biyu masu inci 12 da amfilifaya a cikinsu sun isa. A ɗora su kan sanda ko tebur, tsayin mita 1.8 zuwa 2, ɗaya dama da allo ɗaya hagu, suna fuskantar jama'a, a ɗan karkato su ciki. In suna ƙasa, na gaba su kurmance na baya ba su ji ba. Lasifikar ƙaho irin ta masallaci ba ta yi: tana tsananta murya, kuma tana kai fim ɗin gidajen da ba su gayyace shi ba.

A ɗauki sauti daga kafar abin kunne ta kwamfuta zuwa mikisa. In ba a ji komai ba, galibi kwamfutar ta tura sautin ta HDMI zuwa ƙaramar lasifikar majigi ce, sai a sauya a saitin sauti. In ana jin kiɗa da ƙarar mota amma magana ta yi can ƙasa, fim ɗin mai sautin 5.1 ne, wato layin sauti shida, maganar tana layin tsakiya da ba ku da shi. A shiga VLC, manhajar kunna fim a kwamfuta, a mayar da shi sitiriyo, wato layi biyu. In akwai gurnani mai ɗorewa, a zare cajar kwamfuta a gani. In ya ɗauke, a yi majigin da batirinta, ko a haɗa duk kayan a soket ɗaya. A mikisa a rage ƙasan sauti kaɗan, a ƙara na tsakiya, nan muryar mutum take. Mai makirufo ya tsaya bayan layin lasifika, in ya shiga gabansu za su yi kuwwa. Mutum ɗaya ya je sahun ƙarshe ya saurara, wani ya je ƙofar gidan da ya fi kusa. Da bakinsu ake tsayar da ƙarfin sauti.

Zaɓen fim da shirya shi

Kada a nuna abin da ba a kalla ba daga farko har ƙarshe. Mutum uku su zauna su gani, da macen kwamiti a ciki, da dattijo ɗaya in ya samu. Fage ɗaya na minti biyu ya isa ya rufe ƙungiya. Tsawo kada ya wuce minti 100. Finafinan Kano masu dogon zango suna ja, amma wata guda tsakanin kashi da kashi ya yi yawa, an manta labarin. A nemi wanda ke ƙarewa a dare ɗaya. A riƙa sassaɓawa: wannan wata na Hausa, na gaba na Sudan, wani lokaci na tarihi ko na noma da lafiya. A garin da kakanninsa suka taso daga ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903, duk fim ɗin da ya nuna Kano, Sakkwato ko hanyar alhazai ta ƙasa zai tayar da hira mai daɗi daga bakin tsofaffi, kuma wannan hirar ta cancanci a ba ta lokaci. A fara da gajeren fim na yara na minti goma, masu makara su samu su zauna.

Fim yana da mai shi. Kasancewarsa a YouTube ba izinin nuna shi ga taro ba ne. A rubuta wa furodusa ko kamfanin, a faɗi garin, yawan mutane, da cewa ba a karɓar kuɗin shiga ko nawa ake karɓa, a nemi amsa a rubuce ko da ta WhatsApp ce, a ajiye ta. Wanda ya yarda sau da yawa zai turo kwafi mai kyau, ya fi wanda aka kwafo daga wayar wani.

Harshe yana son shiri. Dattawa suna jin Hausa sarai, wasu matasan Larabci ya fi zama a bakinsu, kuma rubutun da ke ƙasan finafinan Kano galibi Turanci ne, wanda ba zai amfani yawancin masu kallo ba. Mafita ita ce mai bayani: wanda ya iya harsunan biyu, ya kalli fim ɗin sau biyu, ya yi gajeren bayani kafin a fara, sannan ya sa baki a inda 'yan wasa suka yi shiru. Kada ya bi kowace jimla, zai gajiyar da kowa.

Ba a dogara da intanet a daren majigi. Fim ya kasance a cikin kwamfuta tun kwana uku kafin ranar, a tsarin MP4, girman 720 ko 1080, da kwafi na biyu a filasha. Filashar da ke kan tsarin FAT32 ba ta karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, sai a sauya ta zuwa exFAT. Fayil ɗin fassara ya ɗauki suna ɗaya da na fim, a ajiye su wuri guda. In rubutun Larabci ya fito alamomi marasa ma'ana, a shiga saitin rubutu na VLC a zaɓi Windows-1256, ko a sake adana fayil ɗin a UTF-8. In rubutu ya riga magana ko ya makara, maɓallan G da H ke daidaita shi; J da K kuma na sauti ne in baki da murya sun saɓa. A kashe sanarwar saƙonni, a hana kwamfutar yin barci, kada hirar wani ta fito a allo gaban gari.

Kuɗi

Farashi yana tashi kafin wata ya zagayo, don haka a ƙayyade kuɗin membobi da litar fetur: misali kowane memba kuɗin rabin lita a wata. Mutum ashirin sun ba da lita goma. Huɗu na inji, biyu na raksha (keke mai ƙafa uku) da ruwa, sauran huɗun a asusun ƙwai da gyara, wanda ba a taɓawa. Masu turawa ta Bankak, manhajar banki ta waya, su nuna wa ma'aji shaida, amma a riƙe tsabar kuɗin mai a hannu tun ranar Talata, saboda layin waya yana iya ɗaukewa. Ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban membobi kowane wata. Ƙofa a bar ta kyauta, a zagaya da ƙwarya wanda ya ga dama ya jefa.

Ranar majigi

Da safe a tabbatar da izini da yanayin gari, a tura yaro ya zagaya da sanarwa. Bayan la'asar a share fili, a yayyafa ruwa, a kafa allo, a ja waya, a tayar da inji a gwada sauti. Hoto ba ya gwaduwa sai bayan magariba: a nan ake daidaita girma da kaifi, a haska wurin da ke da rubutu a tabbatar ana karanta shi daga sahun ƙarshe. Da an kira Isha a kashe lasifika gaba ɗaya. A damina a rataya ƙwan lantarki ɗaya can nesa da allo, ƙwari su tafi can. A fara a kan lokaci ko da mutum goma sha biyar ne. In kun jira sau ɗaya, wata mai zuwa kowa zai makara.

In wani abu ya lalace a tsakiya, shugaba ya ɗauki makirufo ya faɗi abin da ya faru da mintocin da ake buƙata. In ya wuce minti goma sha biyar, a sallami jama'a da alkawarin Alhamis mai zuwa, a kuma cika. Bayan fim a kunna fitila ɗaya, a yi tattaunawa ta minti ashirin. Mai gabatarwa ya zo da tambaya biyu a shirye, ya fara miƙa makirufo ɓangaren mata, domin in maza suka fara ba sa saki. Kafin kowa ya tashi a faɗi fim ɗin wata mai zuwa da ranarsa.

Masu na'ura su ne na ƙarshen tafiya. A bar majigi ta huce minti goma kafin a sa ta a jaka, a rufe idonta, a naɗe wayoyi ba tare da lanƙwasa kan HDMI ba. Washegari a ciro matatar ƙura a kakkaɓe ta da busasshen buroshi. Idon na'urar kuwa da ƙyallen goge tabarau kawai ake share shi, ba da bakin riga ba. A rufe makunnin fetur na inji a bar shi ya shanye na cikin kafireto ya mutu da kansa, domin man da ya kwana wata guda a ciki yana daskarewa ya toshe shi. A rubuta a littafi: fim, yawan maza da mata da yara, man da aka sha, abin da ya ba da matsala, da awannin ƙwan majigi. Idan awannin suka kai kashi huɗu cikin biyar na abin da kamfanin ya ƙayyade, a aika Wad Madani ko Port Sudan a sayo sabon ƙwai mai lamba ɗaya da na ciki, a ajiye shi a jakar na'urar tare da sukudireban da ke buɗe murfinsa.